Wane Nau'in Shammar Ya Fi? Bitar Yadda Ake Kwatanta Yawan Ƙwaya da Siffofin Girma a Gwaje-gwajen Indiya

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake kwatanta nau'o'in shammar, wato Foeniculum vulgare, ta fuskar yawan ƙwaya da siffofin girma. Ta ɗauki Indiya a matsayin fagen nazari, domin ita ce kan gaba a duniya wajen noman shammar da fitar da ingantattun nau'o'insa. Aikin bitar hanyar gwaji ne, ba rahoton sabon gwaji ba. Matsayar takardar ita ce, jera nau'o'i bisa kilo nawa kowanne ya bayar a hekta, a wuri ɗaya cikin shekara ɗaya, bai isa a yanke hukunci ba, saboda yadda shukar ke nuna kashi-kashi, da yadda take barbara tsakanin tsiro da tsiro, da kuma bambancin abin da kowace kasuwa ke nema a jikin ƙwayar.

Gabatarwa

Yawancinmu mun san shammar ne a shagunan magungunan Musulunci, a ƙulle cikin leda kusa da hulba da yansun da habbatus sauda. Kafin in fara rubuta wannan takarda na sayi ƙulli guda, na baza shi a kan farar takarda. Abin da na gani ya ba ni mafarin magana. Wasu ƙwayoyin sirara ne kore shar, wasu dogaye masu kauri da suka koma ruwan ɗorawa, wasu sun rabe biyu, wasu kuma da na murza su da farce sai na tarar holoƙo ne, da ɗan huji a gefe. Duk a ƙulli ɗaya, duk da suna ɗaya. Sikeli zai auna su baki ɗaya ya kira su nauyi. Mai saye da ya san kaya ba zai yi musu kuɗi ɗaya ba.

Asalin shammar yankin Bahar Rum ne, kuma danginsa su ne karas da yansun da kamun. Masana tsirrai sun kasa wanda ake nomawa gida uku: mai ɗaci, mai zaƙi, da kuma mai gindi kamar albasa wanda Italiyawa ke ci a matsayin kayan lambu. Maganarmu a kan na ƙwaya ce. A Indiya ana kiransa saunf da harshen Hindi, variyali da harshen Gujarati, kuma jihohin Gujarat da Rajasthan ne ke ɗauke da mafi yawan nomansa. Kasuwar Unjha da ke gundumar Mehsana ita ce babbar matattarar cinikinsa.

Nau'o'in da ake kwatantawa

Nau'o'in da aka fi cin karo da su a rahotannin gwaji sun fito ne daga 'yan tashoshi sanannu. Tashar Jagudan a Gujarat ta fitar da jerin Gujarat Fennel, irin su GF-1, GF-2, GF-11 da GF-12. Kwalejin noma ta Jobner a Rajasthan ta fitar da jerin RF, daga cikinsu RF-101 mai tsayi da kaurin kara, da RF-125 gajere mai tattararriyar laimar fure. Cibiyar binciken kayan ƙamshi masu ƙwaya ta ƙasa da ke Tabiji kusa da Ajmer, wadda aka kafa a shekarar 2000, ta fitar da Ajmer Fennel-1 da Ajmer Fennel-2. Akwai Hisar Swarup daga Haryana, Pant Madhurika daga Pantnagar, da Co-1 daga Coimbatore a kudu. Kafin a saki sabon nau'i, akan gwada shi a tashoshi da dama ƙarƙashin shirin haɗin gwiwar binciken kayan ƙamshi na ƙasar, wanda hedikwatarsa ke Kozhikode.

Tsarin gwajin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ana shuka kowane nau'i a fuloti-fuloti, a maimaita sau uku ko huɗu, a rarraba su ta hanyar ƙuri'a cikin rukunai, bisa tsarin da Fisher ya shimfiɗa tun yana aiki a Rothamsted a shekarun 1920. Sai a zaɓi tsirrai biyar ko goma a kowane fuloti a auna tsayi, yawan rassa, yawan laimomi, yawan ƙananan laimomi a cikin kowace laima, yawan ƙwaya a ƙaramar laima, da nauyin ƙwaya dubu. A rubuta kwanakin da rabin tsirrai suka yi fure da kwanakin nuna. A ƙarshe a auna abin da fuloti ya bayar a mayar da shi hekta. Ba ni da ja a kan wannan tsari. Abin da nake so mu duba shi ne wuraren da shukar shammar ba ta zauna daidai a cikinsa ba.

Shuka ɗaya, girbi da yawa

Wanda bai taɓa tsayawa a gaban tsiron shammar ba zai ɗauka yana nuna ne kamar alkama, a shiga rana ɗaya a yanke. Ba haka yake ba. Furensa yana fitowa ne a siffar laima, sanduna da yawa daga wuri ɗaya, kowace sanda da tata ƙaramar laima ta 'yan furanni rawaya. Laimar farko tana kan ƙololuwar babban kara. Bayanta sai na rassan farko, sannan na rassan da suka fito a jikin rassa. A rana ɗaya, a tsiro ɗaya, za ka ga laimar sama ta cika ta fara sauya launi, na tsakiya suna ɗaure ƙwaya, na ƙasa kuwa zuma na kansu ana cikin fure. Shi ya sa manoman Gujarat da Rajasthan ke tsinkar laimomin da hannu, zagaye bayan zagaye, su shanya a inuwa don kada rana ta cinye koren launin.

Wannan shi ne babban ramin da gwaji ke faɗawa. Idan mai bincike ya yanke dukkan fulotai rana ɗaya don sauƙin aiki, nau'in da ke nuna da wuri ya riga ya zubar da wani kashi na ƙwayarsa a ƙasa, mai jinkiri kuma an yanke shi da ɗanyun laimomi waɗanda za su bushe su zama ƙaiƙayi. Duka biyun an zalunce su, nau'in da ranar yankan ta dace da shi ne zai hau saman jadawali. Idan kuma aka bi kowane nau'i ana tsinka har laimarsa ta ƙarshe, to dogon nau'i mai rassa da yawa zai yi nasara, amma nasarar tana ɗauke da kuɗin ƙwadago da ban ruwa na ƙarin makonni waɗanda jadawalin bai nuna ba. Don haka rahoton da bai faɗi sau nawa aka yi tsinka ba, da abin da kowane zagaye ya bayar, ya ɓoye wa mai karatu rabin labari. A ganina kamata ya yi a auna kowace tsinka daban, a kuma tantance darajarta daban, domin ƙwayar laimomin farko ta fi girma da cika fiye da ta ƙarshe.

Daga nan ne kuma ya kamata mu yi hattara da wani sakamako da ke yawan maimaituwa, cewa yawan laimomi a tsiro yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan amfani. Gaskiya ne ana samun wannan dangantaka. Masu bincike kan bi ta da nazarin hanyoyin tasiri, dabarar da Sewall Wright ya kawo a 1921, Dewey da Lu suka shigar da ita kiwon tsirrai a 1959, don rarrabe tasirin kai tsaye da na bayan fage. Sai dai tun 1967 Adams ya nuna a kan wake cewa sassan amfani suna biyan bashin juna: idan ɗaya ya ƙaru, wani kan ragu. Abincin da tsiro ke sarrafawa yana da iyaka. Nau'in da ya yi laimomi barkatai zai iya ƙarewa da ƙananan ƙwayoyi, kuma laimomin da suka makara sukan faɗa cikin zafin watan Maris da Afrilu su kasa cika. Laimar da aka ƙirga a filin gwaji ba lallai ta kai buhu ba. Abin da ya fi dacewa a ƙirga shi ne laimomin da suka cika har aka tsinke su.

Haka tsayi. Ana rubuta shi kamar alheri ne, alhali dogon shammar da aka cika wa takin zamani yakan kwanta idan iska ta kaɗa bayan ban ruwa, kuma duhuwarsa tana riƙe danshi da raɓa, abin da cutar ƙunar ganye ta Ramularia da farin ƙura ke so. Gajeren nau'i irin RF-125 yana iya karɓar matsatsiyar shuka. In aka gwada shi da tazarar da aka yanka wa dogo, ba a ba shi damar nuna abin da zai iya ba.

Shuka ko dashe

A Gujarat hanyoyi biyu ake bi. Akwai masu reno a bedi tun cikin damina su dasa wajajen watan Agusta da tazara mai faɗi, shukar ta daɗe a gona wajen wata bakwai, ta yi girma sosai. Akwai masu shuka kai tsaye a layi cikin Oktoba ko Nuwamba, a lokacin sanyi da suke kira rabi, su girbe bayan wata biyar ko ɗan fiye. Nau'i ɗaya a waɗannan hanyoyi biyu kamar shuka biyu ne daban, a tsayi da rassa da yawan amfani. Ɗauko adadin wani nau'i daga gwajin dashe a jera shi da adadin wani daga gwajin rabi kuskure ne, kuma ana yinsa a takardun wayar da kai.

Shin nau'in ma abu ɗaya ne?

Wannan tambaya ce da ba a cika yi ba. A furen shammar sashen namiji yana riga na mace nuna, don haka yawancin barbara daga wani fure ko wani tsiro take zuwa, zuma da ƙudaje ne ke jigilar garin furen. Ma'anar haka ita ce, abin da muke kira nau'i tarin 'yan uwa ne masu kama da juna, ba kwafi ɗaya ba kamar yadda ake samu a alkama ko shinkafa. Abu biyu ke biyo baya. Na farko, tsirrai biyar sun yi kaɗan su wakilci fuloti, musamman in mai aunawa ya bar idonsa ya zaɓa masa, domin ido kyawawa yake so. Na biyu ya fi muni. Wanda ya ɗebi iri daga fulotan gwajin bana don ya maimaita baɗi, to abin da zai shuka ya riga ya gauraya da maƙwabtansa. Sunan da ke jikin allo yana nan, jinin ya sauya. Duk shekara sai an koma ga irin da aka ware aka killace a tashar da ta fitar da shi, kuma rahoto ya faɗi inda irin ya fito.

Wannan ya shafi yadda muke karanta ƙididdigar gado. Kusan kowane rahoto yana kawo kason bambancin da gado ya haifar, tare da hasashen ci gaban da zaɓe zai kawo bisa lissafin Johnson da Robinson da Comstock na 1955. Idan gwajin na wuri ɗaya ne cikin shekara ɗaya, adadin yakan fito da kumburi, saboda dacewar da nau'i ya yi da wannan ƙasa da wannan yanayi an zuba ta cikin asusun gado. Sai a ga kashi tamanin ko casa'in cikin ɗari, a ɗauka zaɓe zai yi sauƙi, a kai nau'in wata gunduma ya ba da kunya. Maganin wannan ba sabo ba ne. Finlay da Wilkinson a 1963, sannan Eberhart da Russell a 1966, sun nuna yadda ake auna tsayuwar nau'i a wurare da shekaru daban-daban, kuma hanyoyin AMMI da GGE sun zo daga baya sun sauƙaƙa ganin wane nau'i ya dace da wane yanki. Abin da suke buƙata kawai shi ne haƙurin maimaita gwaji, wanda shi ne ke ƙaranci idan ɗalibi na sauri ya kammala digiri.

Ƙananan kurakuran sikeli

Bari in kawo lissafi biyu na misali, ba daga wani gwaji na ɗauko su ba. A ƙaddara fuloti mai mita 3 a tsawo da mita 2.4 a faɗi, wato murabba'in mita 7.2. Giram 100 da ya zube wajen bugu ko sheƙa, in aka mayar da shi hekta, ya zama kusan kilo 139. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na uku a jadawali ba ta kai haka ba. Na biyu danshi ne. Kilo 1,000 mai danshi kashi 14 yana ɗauke da busasshen nauyi kilo 860, mai danshi kashi 9 kuma kilo 910. Nau'in da ya makara, wanda aka auna bai gama bushewa ba, ya samu kyautar kilo 50 na ruwa. Dole a daidaita danshi kafin a kwatanta.

Nauyin ƙwaya dubu ma yana da tasa matsalar. Abin da muke kira ƙwayar shammar a ilimin tsirrai ɗa ne mai rabewa gida biyu, kowane ɓari da zane biyar a bayansa da 'yan hanyoyin mai a tsakaninsu. Wani zai ƙirga cikakke, wani ya ƙirga ɓari, sakamakonsu ya bambanta ninki biyu. Sannan ga holoƙon nan da na ambata a farko. Akwai wata 'yar ƙaramar zanzaro, Systole albipennis, da ke saka ƙwai cikin ɗanyar ƙwaya, tsutsar ta cinye ciki ta fita ta bar ɓawo. Daga waje ƙwayar lafiya lau. Ita da darɓa suna cikin abin da ya kamata a rubuta wa kowane nau'i, ko da an yi feshi.

Amfani don wace kasuwa?

A nan ne na fi son mu tsaya. A Indiya ana tauna shammar bayan cin abinci, kuma wanda aka fi daraja don wannan shi ne siriri, kore, mai zaƙi, wanda ake kira na Lucknow. Ana samunsa ne ta hanyar tsinke laima tun ƙwaya ba ta gama cika ba. Manomin da ya yi haka da gangan ya rage nauyin amfaninsa don ya samu farashi mai tsoka. A jadawalin kilo a hekta shi ne na baya, a kasuwar Unjha kuwa launi da siffa da tsabta su ke yanka kuɗi. Mai niƙa kayan miya yana son cikakkiyar ƙwaya mai nauyi. Mai tatsar man ƙamshi kuma lissafinsa daban ne gaba ɗaya. A ƙaddara nau'i ya ba da kilo 2,000 mai ɗauke da mai kashi 1.5, wato kilo 30 na mai. Wani ya ba da kilo 1,500 mai kashi 2.5, wato kilo 37.5. Wanda ya sha kaye a sikelin ƙwaya shi ya ci a tukunyar tatsa.

Ko man ma ba yawansa kaɗai ake dubawa ba. Manyan sinadaransa su ne anitol mai ba da zaƙi da ƙamshin yansun, fenkon mai ɗaci, da estiragol. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya gindaya cewa shammar mai ɗaci ya ƙunshi aƙalla mililita 40 na mai a kilo, anitol a cikin man kada ya gaza kashi 60, fenkon kada ya gaza kashi 15, estiragol kada ya wuce kashi 5. Mai zaƙi kuwa aƙalla mililita 20 a kilo, anitol kashi 80 ko fiye, estiragol kada ya haura kashi 10. An sa wa estiragol takunkumi ne saboda gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna yawansa na haddasa ciwon dajin hanta. Misira ta ɗanɗana wannan. Tana cikin manyan masu fitar da shammar, amma nau'in gida da aka saba nomawa a can estiragol ne ya rinjayi mansa, abin da ya sa masu bincikenta suka juya ga gwada nau'o'in waje masu yawan anitol. Nau'i zai iya cika buhu ya kuma kasa shiga kasuwar da aka noma shi dominta. Tunda mata masu shayarwa da jarirai na cikin waɗanda ake dafa wa shammar, a wurinmu ma wannan ba maganar fatauci kaɗai ba ce.

Saboda haka ina ba da shawarar cewa kowane gwajin kwatanci ya fara da bayyana kasuwar da yake nufi, sannan ya kawo adadi uku a jere ga kowane nau'i: jimillar ƙwaya bisa daidaitaccen danshi, kason da ya kai darajar farko, da nauyin mai a hekta tare da kason anitol da estiragol. In tashar ba ta da na'urar tantance sinadarai, tukunyar tatsa ta Clevenger ba ta fi ƙarfin ɗakin gwaji na jami'a ba, ko yawan man kaɗai aka sani an rage duhu.

Idan za a gwada a ƙasar Hausa

Tunda shammar ɗin da ke shagunanmu shigo da shi ake yi, tambayar ko zai yi a fadamunmu da madatsun ruwanmu tambaya ce mai kyau, kuma gwaji ne kaɗai zai amsa ta. Abin da zan ja hankali a kai shi ne kada a ɗauko jadawalin Indiya a zaɓi na sama. Ajmer tana wajen digiri 26 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana digiri 12. Sanyinsu ya fi namu tsawo, tsawon yini ma ya bambanta. Manoman alkama na Kadawa sun san cewa wanda ya wuce tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba bai shuka ba, zafin Maris zai riski amfaninsa yana cikin cika. Shammar ya fi alkama daɗewa a gona. Ke nan a wurinmu kwanakin fure da kwanakin nuna su ne siffofin da za a fara dubawa, gajerun nau'o'i masu saurin nuna su ne za a sa a gaba, kuma ranar shuka ta shiga cikin gwajin a matsayin abin kwatantawa, aƙalla ranaku uku daga ƙarshen Oktoba. A nemi irin daga tashoshin da suka fitar da shi ta hannun hukumar killace tsirrai, a sa na kasuwa a gefe guda a matsayin ma'auni, a kuma gwada tsirowarsa tukuna, domin wanda aka tsinke ɗanye don tauna ba kasafai yake tsirowa da kyau ba.